Tutar Boma

Ƙarfe goma na safe Dakta Mansur ya riga ya jiƙe sharkaf da gumi a cikin kwat, yana tsaye a tsakar gidanmu na Kawo yana ba da oda kamar sabon hafsa.

"A ɗauke turmin nan. Akuyar nan a kai ta maƙwabta. Wa ya shanya zannuwa a kan hanya? Ku fa gane, baƙuwar nan daga Japan take!"

Ni ina kan bencina a gindin dogon yaro ina cin goro. Ni ne baffansa, Kofur Adamu, yayan ubansa marigayi Ila. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya, amma na yi soja shekara goma sha huɗu, na yi gadi shekara talatin a Mando, ɓarawo bai taɓa fita da ko allura ta ƙofar da nake tsaro ba. Wanda ya ga abin da na gani ba ya tashi tsaye don an ce a kawar da akuya.

Yaron nan shekara bakwai ya yi a Japan. Ya dawo da digirin dakta a kan wai kishin ƙasa: yadda mutanen Japan da na Koriya da na Sin kowa ke ji da ƙasarsa, da yadda suke zare wa juna ido a kan wasu tsibirai da ko ciyawar tunkiya ɗaya ba su da ita. Abin da yake koyarwa ke nan a jami'a, ɗalibai shida ko bakwai, rabinsu barci suke zuwa yi. Shekara goma sha biyar yana kan matsayi ɗaya kamar jaki a turke. Yaran da ya koyar da hannunsa sun zama farfesoshi, domin su sun yi wayo sun yi rubutu a kan zaɓe da 'yan bindiga, abin da ke damun mutane. Shi kuwa Japan. An ce masa ba farfesa sai ya buga littafi a waje, ga shi shekara hamsin da huɗu, furfura ta fara cin saje.

Sai bara ya tsinci wani tsohon hoto a cikin takardun ubansa. Mahaifinmu ne, Saja Mamman, a shekarar da suka dawo daga yaƙin Boma, inda suka gwabza da sojojin Japan, ya ware wata tuta da hannu biyu: fara, da jan da'ira a tsakiya, an kewaye ta da rubutu ko'ina kamar tururuwa ta samu suga. Dakta ya kusa haukacewa. Shi ya yi mana bayani, wai a Japan in mutum zai tafi yaƙi, dangi da mutanen gari kowa sai ya sa sunansa a tuta a ba shi. Ya aika hoton zuwa wata cibiya a can. Suka ce hoton ya dushe, ba ya karantuwa, amma in tutar tana nan, aka karanta sunan mai ita aka mayar wa danginsa, za su gayyace shi ya zauna shekara guda, su buga masa littafin. Farfesa ke nan a hannu.

Tutar tana wurin yayata Harira, ita ke riƙe da ɗakin Baba tun rasuwarsa. Da Dakta zai tabbatar, ba ƙafa ya tako ba, waya ya bugo.

"Goggo, tutar nan ta Kaka tana nan?"

"Tana nan."

"Lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau. Ko watan jiya ta yi aiki."

Bai tambayi wane aiki ba. Mutumin da sana'arsa ke nan tambaya. Da ya tambaye ni da na gaya masa. To amma wa ke tambayar tsohon mai gadi?

Yanzu da safen nan ya leƙa madafa, inda Harira ke zaune gaban tanda tana suyar waina.

"Goggo, ɗauko ta in duba kafin baƙuwar ta iso."

"Ba a buɗe akwatin nan sau biyu a rana ɗaya, Mansuru. Haka Baba ya bari. In na buɗe maka yanzu, ita sai gobe."

"Goggo, wannan wane irin..."

"Matsa min daga haske, waina za ta ƙone."

Ya duba agogo, ya ja tsaki, ya ɗauki mukullin mota ya nufi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa.

Ana kiran azahar suka iso. Na zaci zan ga wata gagaruma, sai ga 'yar tsohuwa ƙarama, kanta fari fat, gashin a datse, da jaka a kafaɗa. Farfesa Kanemori sunanta, ita cibiyar ta turo ta ga tutar. Tun daga zaure ta cire takalmi ta jera su tsaf, ba wanda ya ce mata. Da ta zo gaban Harira ta rusuna, ta rusuna, har na ce bayanta zai karye. Shi kuwa ɗan gida yana tsaye ƙiƙam da takalmi a kan tabarma. Na miƙe na ƙame na sara mata irin ta soja. Ta sake rusunawa. Dakta ya yi ta zuba mata Japananci, yana ɗaga murya don maƙwabta su ji, yana nuna ni da ɗan yatsa kamar kayan da aka bari a tsakar gida.

Aka ci waina da miyar taushe. Ta ci uku, ta yaba. Muka yi salla, ita tana zaune tana jira hannu a kan gwiwa. Sannan ta buɗe jaka ta fito da fararen safar hannu, da gilashin ƙara girman rubutu, da farar takarda mai faɗi ta shimfiɗa a kan tabarma. Dakta ya kafa kyamara a kan ƙafafu uku.

Harira ta jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado, ta kwance mukulli daga bakin zaninta, ta yi bisimilla. Ta fito da ƙunshin, ta warware tsohon rawanin Baba da aka naɗe shi da shi. Baƙuwar ta karɓa da hannu biyu, ta shimfiɗa a kan takardar a hankali kamar mai kwantar da jariri.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Farin ya koma kalar kunun tsamiya. Jan da'irar ya koɗe, ya zama kamar inda aka tofar da goro aka share. Rubutu kuwa babu. Ɗan inuwa-inuwa nan da can, irin wadda hayaƙi ke bari a bango, shi ke nan. Gefen dama kuma an yanke ɓari guda tun daga sama har ƙasa, faɗin yatsa huɗu.

Dakta ya durƙusa, ya kai fuska dab da ƙyallen, ya juya shi ta baya, ya sake juyowa.

"Goggo, ba ita ba ce."

"Ita ce mana. Tuta nawa Baba ya kawo?"

"To ina rubutun?"

"An sha."

"An me?"

"An sha, Mansuru. Ko kunnenka ma Japan ka baro shi?"

Ta gyara zama ta shiga yi masa dalla-dalla, tana ƙirga da yatsu. Yadda ake wanke allo a sha rubutu, haka. A tsoma gefe ɗaya a ƙwarya, a ɗan sa kanwa domin tawadarsu taurin kai gare ta, ba ta saki da ruwa zalla, a matse, a yi bisimilla a sha. Tun Baba yana yi da hannunsa har ya bar mata. Duk sojan da za a tura daji, daga barikin nan har Mando, in uwarsa ta san gidan nan sai ta kawo shi. Waɗanda suka je Kwango sun sha. Na Laberiya sun sha. Na Borno kuwa ba a magana, har layi suka yi wata shekara. Mai naƙudar da ta ƙi sauka ta sha. Watan jiya ɗan Hasiya mai ƙosai da aka tura Zamfara, ruwan ko launi bai sauya ba, amma ta ba shi, albarka ba ta ƙarewa.

"Innalillahi!" Dakta ya dafe kai. "Goggo, wannan ai ba ayar Alƙur'ani ba ce! Sunayen mutane ne! Sunan mai shago da malamin makaranta da maƙwabta! Sunayen mutane kuka shanye!"

"To mutanen da wace niyya suka rubuta? Ba don ɗansu ya dawo lafiya ba?"

"Ai bai dawo ba! Mai tutar ma mutuwa ya yi!"

Nan ne na sa baki, domin rashin sani ya fi dare duhu.

"Kai Dakta, a goshi harsashi ya same shi. Baba da bakinsa ya faɗa. A bakin kogi ya tarar da gawar, tutar naɗe a cikinsa, inda ta rufe ko ƙwarzane babu. Laifin tuta ne da bai naɗa a ka ba? Kuma mutumin da ya kwance ta daga cikin gawar yana kwance a ɗakin nan har ka dawo daga karatunka, ba ka taɓa zama ka tambaye shi ba. Ka ce hirar tsofaffi ba hujja ba ce."

Harira ta ƙara da cewa, "Kai ma ai ka sha."

Ya ɗago.

"Ranar da ka zo sallama za ka hau jirgi. Kunun gyaɗan nan da ka ce ya yi kanwa. Za ka garinsu, na ce gara su ji ƙanshin nasu a jikinka. Ga shi ka je ka dawo, ko ciwon kai."

Kai jama'a! Da a ce kyamarar nan fuskarsa ta kalla, da ya samu abin bugawa a littafi.

Duk wannan baƙuwar na zaune tana kallon bakin kowa. Ta yi masa tambaya a hankali. Dakta ya gyara wuyan kwat, ya fara magana yana nuna rufin ɗaki, yana wasa da yatsu daga sama zuwa ƙasa. Ban san Japananci ba, amma na san ƙarya in na gan ta, a kowane yare take. Wai yoyon ruwan sama ne. Rufin da ni na sa aka buga wa sabon kwano! A zubar da mutuncin gidanmu a gaban baƙuwa, a ce mun bar kayan Baba ruwa ya ci?

Na tashi na ɗauko ƙwarya a kan randa. Na tsuguna gabanta, na kama gefen tutar na yi kamar na tsoma, na matse, na kafa kai na yi kamar na shanye. Na miƙe na ɗaga hannu kamar bindiga, na ce "Tau! Tau! Tau!" Na bugi ƙirji, na juya mata gaba da baya ta ga ba huda. Na nuna Harira, na nuna ƙofar gida, na ware yatsu goma sau da yawa.

Ta gane. Wallahi kafin in ajiye ƙwaryar ta gane. Ta cire gilashinta ta riƙe a hannu, ta daɗe tana kallon ƙyallen. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi fushi ba. Ta dubi Dakta sau ɗaya, irin kallon da kwamanda ke yi wa sojan da aka kama yana barci a bakin aiki. Ya sunkuyar da kai.

Sannan ta fito da hoton Baba ta ajiye kusa da tutar. Ta bi gefen dama na hoton da ɗan yatsa, inda wasu manyan baƙaƙe suka sauko daga sama zuwa ƙasa, ta koma kan tutar ta nuna wurin da aka yanke. Ta yi magana. Idon Dakta ya buɗe.

"Goggo! Ta ce sunan sojan a nan yake, a ɓarin da babu. Wataƙila har da sunan garinsu. Sauran duk ba dole ba ne. Ina ɓarin nan? Kar ki ce min shi ma an sha!"

Harira ta turo baki ta nuna ƙirjina.

Na sa hannu cikin riga na jawo ta waje. Laya ce, tsawon tafin hannu, fatar ta yi baƙi tana sheƙi saboda gumin shekara hamsin da takwas. Ranar da za a kwashe mu zuwa yaƙin basasa Baba ya sa aska ya yanke inda rubutu ya fi ƙiba, ya ce nan ƙarfin yake. Ya kai wa baduku ya ninke ya ɗinke da fata biyu. Ruwa bai taɓa shiga ba.

Ka ga Dakta Mansur, mai digiri uku, ya rarrafo da gwiwa a kan tabarma, wandon kwat na shan ƙura. Sai a lokacin ya tuna ya cire takalmi.

"Baffa. Baffana. Don girman Allah. Minti biyar kawai. A farke a hankali, in ɗauki hoto, a mayar. Ni da kaina zan kai wa baduku, wanda ya fi kowa a Kaduna, ya ɗinke da sabuwar fata."

"Laya in aka farke ta mutu. Ko wannan ba a koya muku ba?"

"Baffa, camfi ne. Allah ne ke tsarewa."

"Allah ne, na sani, na riga ka sani. Amma da ita ya tsare ni. Ranar da muka tsallaka Neja mu arba'in ne a jirgi, mu shida muka taka tudu, ni kaɗai ne ban ko jiƙa sigarina ba. Motar da ta kife da mu a Katabu, direba ya rasu, karen mota ya rasu, ni na fito na tsaya ina ba sauran motoci hannu. Kwalara ta shiga layin nan ta ɗauki bakwai, ta tsallake ɗakina. 'Yan fashi sun harbe ni a Mando daga nan zuwa randar can, bindigar ta yi tari ta ƙi tashi. Kai me ka tsallake? Jarrabawa?"

"Baffa, aikina ne. Rayuwata ce gaba ɗaya. Shekara talatin ina kan abin nan. In wannan ta wuce ni, haka zan yi ritaya yarana na kiran yaran da na koyar farfesa."

"Taka rayuwar a takarda take. Tawa a wuya take rataye."

Ban san lokacin da shaiɗan ya hau shi ba, sai ganin hannunsa na yi ya nufo igiyar. Na cafke wuyan hannun. Shekara saba'in da takwas gare ni, amma sai da ya ce wash.

Baƙuwar ta yi magana, gajeriya, da kaifi. Dakta ya janye. Ta sake magana, ta nuna ni, alamar ya fassara. Ya kau da kai. Ta maimaita. Ya fassara yana kallon ƙasa, murya kamar ta wanda aka sa ya karanta takardar korarsa.

"Ta ce a ƙyale ka."

Ta zuge wata 'yar aljihu a jikin jakarta, ta fito da wani ɗan ƙunshi na ƙyalle mai ado, bai kai akwatin ashana ba, an ɗaure bakinsa da zare. Ta ɗora a tafin hannu ta miƙo kusa da tawa.

"Ta ce wannan uwarta ce ta ba ta. Ta ce su ma a can ba a buɗewa. Shekara arba'in tana yawo da shi ba ta san abin da ke ciki ba."

"Ka ji ko?" na ce. "Shekara bakwai ka yi a garinsu. Me ka je ka karanto?"

Ta ci gaba, shi yana juyawa. Ta ce ba za ta ɓoye mini ba: irin waɗannan sojoji da yawa sun bar jarirai a gida. Mai yiwuwa akwai wata tsohuwa ko tsoho a can, sa'ar Harira, da bai taɓa ganin ko hular ubansa ba. Kowace shekara irinsu raguwa suke.

Wannan ta taɓa ni, ba zan yi ƙarya ba. Na juya layar a hannu, na ji ɗinkin da ɗan yatsa. Harira ta daina kaɗa mafici. Dakta ya ɗago kai yana kallona baki buɗe.

Na mayar da ita cikin riga.

"Ka ce mata Allah ya ba su haƙuri. Mu ma namu suna can kwance a dajin Boma, ƙanen uwarmu na ciki, ba wanda ya aiko mana da ko maɓallin rigarsa. Ranar da aka wanke ni, duk mai so ya farke. Kafin nan a'a."

Ya faɗa mata. Ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa tabarma. Ta ce ta fahimta. Ta ce ba suna, ba abin da za ta kai wa cibiya, maganar gayyata da littafi sai dai ta jira. Amma cibiyar ba ta mantuwa, duk ranar da aka buɗe a sanar da su. Ta ɗauki hoton tutar yadda take, ta ɗauki na Harira da ƙwaryar, ta ɗauki nawa na ƙame. Ta naɗe tutar da hannunta cikin rawanin Baba ta mayar wa Harira. Katinta kuwa ni ta miƙa wa, da hannu biyu. Na soke shi a cikin hula.

Harira ta ƙulla mata sauran waina a leda. Dakta ya naɗe ƙafafun kyamararsa, ɗaya ta ƙi shiga, ya yi ta fama da ita. Ba wanda ya taya shi.

Na raka su zaure. Baƙuwar ta sa takalminta ta wuce mota. Shi ya tsaya a bakin ƙofa da kyamara a hammata. Ya juyo ya dube ni tun daga hula har silifa, a hankali, irin kallon da mahauci ke yi wa sa a kara. Ya dubi hannuna, ya dubi yadda nake tsaye ba sanda.

"Baffa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "yanzu shekarunka nawa ne?"

Na ɓantari goro da haƙoran gaba, ya gani da idonsa duk suna nan.

"Baba sai da ya yi ɗari ba ɗaya," na ce. "Shi kuwa ko rataya ta bai yi ba. Ka gaida gida."